Tambaya da Amsa: Wane Laifi Ake Sasantawa a Gida, Wane Ne Ya Fi Ƙarfin Zaure?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga unguwanninmu na Kumasi, kuma dukkansu sun shafi kai wa mutum hannu ba da yardarsa ba, tun daga mari har zuwa lalata da yara. Mun ɓoye sunayen waɗanda suka rubuto kamar yadda muka saba. Dokar da za mu fi ambata ita ce Dokar Laifuffuka ta Ghana ta 1960, wadda ake kira Doka ta 29, don haka duk inda aka ga lambar sashe ba tare da sunan wata doka ba, ita ake nufi.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Lauya. Muna zaune a gidan haya a Aboabo, iyalai da yawa muna amfani da famfo ɗaya. Makon jiya matata ta yi cacar baki da wata maƙwabciyarmu a kan layin ɗibar ruwa, matar ta zagi mahaifiyarta, ita kuma ta kasa haƙuri ta mare ta, ta fizge mata mayafi. Babu jini, babu rauni. Washegari sai ga sammaci daga ofishin 'yan sanda. Shin mari ɗaya ya isa ya kai mutum kotu, alhali ita ce ta fara zagi? Idan kuma muka kai maganar gaban sarkinmu aka sasanta, hakan ya wadatar?
*Wani magidanci, Aboabo*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mari ɗaya ya isa, kuma fizgar mayafin ma ita kaɗai ta isa. Sashe na 86 ya bayyana cewa duk wanda ya taɓa wani da ƙarfi ba da yardarsa ba, da nufin ya cutar da shi, ko ya sa shi jin zafi, ko tsoro, ko ɓacin rai, ko ya tunzura shi, ya aikata laifi, kuma dokar ta ƙara da cewa taɓawa komai ƙanƙantarta ta wadatar muddin akwai wannan nufi, sannan taɓa tufafin da ke jikin mutum daidai yake da taɓa jikinsa. Wanda ya watsa wa maƙwabcinsa ruwan wanke-wanke ko ya sako masa kare yana cikin wannan sashe, domin ba lallai sai hannu ya sauka a jiki ba. Sashe na 87 ya ma wuce nan, ya haɗa da wanda ya ɗaga taɓarya ya nufo mutum har ya sa shi tsoron cewa duka na tafe yanzu-yanzu, ko da bai kai ga dukan ba. Sashe na 88 kuma ya shafi tsare mutum, kamar mai gidan da ya kulle ɗan haya a ɗaki don bai biya kuɗi ba.

Duk waɗannan sashe na 84 ya sanya su a sahun ƙananan laifuffuka, waɗanda mafi girman hukuncinsu, bisa Doka ta 30 mai tsara shari'ar laifuffuka, ɗaurin shekara 3 ne. A irin lamarinku, ga wadda ba ta taɓa shiga hannun hukuma ba, alƙalai sun fi karkata ga tara ko sa mutum ya rattaba hannu a kan alkawarin zaman lafiya. Sai dai ka lura da wani abu da mazauna gidajen haya da yawa ba su sani ba: Dokar Hana Cin Zarafi a Gida ta 2007, wato Doka ta 732, ta ɗauki waɗanda ke haya a gida ɗaya a matsayin masu alaƙar gida, saboda haka mai gabatar da ƙara na iya tuhumar matarka a ƙarƙashinta, inda hukuncin ke kaiwa tarar sidi 6,000 ko ɗaurin shekara 2 ko duka biyun.

Zagin uwa abu ne mai ciwo, kuma babu Bahaushen da zai ce maka ƙaramin abu ne, amma ba ya halatta duka a idon doka. Alƙali na iya dubawa ya sassauta hukunci saboda shi, ita maƙwabciyar kuma ana iya tuhumarta a ƙarƙashin sashe na 207 idan kalamanta na zagi a bainar jama'a sun kai ga tayar da fitina, amma wannan shari'a ce daban. Abin da doka ta yarda da shi shi ne kare kai, wato amfani da ƙarfi gwargwadon abin da zai tunkuɗe harin da ke tafe, kuma harshe ba hari ba ne a wannan ma'ana.

Ku gode wa Allah da babu rauni. Da marin ya fasa leɓe ko ya taɓa dodon kunne, da tuhumar ta koma ta sashe na 69, wato jikkata mutum da gangan, babban laifi mai daraja ta biyu da ke iya kaiwa shekara 10. Da kuma an yi amfani da wuƙa ko kwalba, sashe na 70 ya mayar da shi babban laifi mai daraja ta ɗaya.

Game da sulhu, a nan doka tana tare da ku. Sashe na 73 na Dokar Kotuna ta 1993 ya ba kotu ikon ƙarfafa sasantawa a laifin da bai kai babban laifi ba kuma bai tsananta ba. Ku je gaban sarki, matarka ta ba da haƙuri, ita ma maƙwabciyar a nuna mata nata kuskuren. Amma kada ku yi watsi da sammacin da sunan cewa an riga an sasanta. Matarka ta je ofishin 'yan sanda a ranar da aka kira ta, tare da kai da wani dattijo, ita mai ƙarar ta shaida wa jami'in da ke binciken da bakinta cewa an daidaita. Idan maganar ta riga ta isa kotu, alƙali ne kaɗai ke da ikon rufe ta, kuma rashin zuwa kotu shi ne ke mayar da ƙaramar magana ta zama umurnin kamawa.

Tambaya: Malam Lauya, ina gaisuwa. 'Yar yayana shekarunta 15, tana aji biyu a ƙaramar sakandare, an gano tana da ciki wata uku. Wanda ya yi mata saurayi ne ɗan shekara 24 a unguwarmu, kuma bai musa ba. Yarinyar ta ce ba tilasta mata ya yi ba, sonsa take yi. Iyayensa sun zo da dattawa, sun ce ko dai a ɗaura aure idan ta haihu, ko su ba da kuɗi su ɗauki ɗawainiyar cikin, a rufa wa juna asiri. Yayana ya karkata ga hakan don gudun abin kunya. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, amma ana ce mini tunda da yardarta ne, babu laifin da hukuma za ta kama. Gaskiya ne?
*Wata gwaggo, Asawase*

Amsa: Hajiya, ba gaskiya ba ne, kuma rashin kwanciyar zuciyarki yana kan hanya. Sashe na 101 ya ce duk wanda ya sadu da yaro ko yarinya da ba su kai shekara 16 ba, da yardarsu ko ba da yardarsu ba, ya aikata laifi, kuma hukuncinsa ɗauri ne da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 25 ba. Alƙali ba shi da ikon saukowa ƙasa da bakwai ɗin, ko mayar da ita tara. Majalisa ce ta tsaurara wannan a gyaran da ta yi wa dokar a 1998. Sashe na 14 kuma ya fayyace cewa a harkar jima'i, yardar wanda bai kai 16 ba daidai take da babu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya yi renon 'ya mace: yarinyar da ake saya wa katin waya da soyayyiyar shinkafa za ta rantse cewa so ne, kuma har cikin ranta haka ta ɗauka, amma ba ta da ma'aunin da za ta auna abin da namiji ɗan shekara 24 yake nema a wurinta. Girman jikinta ma ba ya canza komai, domin shekaru kotu ke dubawa, ta hanyar takardar haihuwa, ko katin awo na asibiti, ko rajistar makaranta, ko ƙiyasin likita.

Yanzu mu dubi tayin nan guda biyu. Auren da ake magana bai halatta ba a dokar ƙasa, domin sashe na 14 na Dokar Yara ta 1998, Doka ta 560, ya sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure kowane iri ne, ya kuma hana tilasta wa yaro ko yarinya baiko ko karɓar sadaki a kansu. Ko da an ɗaura, auren ba ya goge laifin da ya riga ya auku. Kuɗin kuma ya fi haɗari ga yayanki fiye da yadda yake zato: sashe na 234 da na 235 sun mayar da shi laifi mutum ya karɓi kuɗi ko wani abin amfani a kan alkawarin cewa ba zai kai ƙara ko ba da shaida ba. Mahaifin da ya karɓa na iya tsintar kansa a gaban alƙali, haka ma waɗanda suka shirya zaman.

Ina girmama zaurukan sarakunanmu da limamanmu, kuma a amsar da ke sama ni da kaina na tura mutane can. Rigingimu da yawa da za su ɓata shekaru a kotu a can ake kashe su da yamma ɗaya. Amma wannan ba ya cikinsu. Damar sulhun da Dokar Kotuna ta bayar ta tsaya ne a ƙananan laifuffuka, kuma ko a 2022 da aka kawo dokar da ta ba wanda ake tuhuma damar amsa laifi don neman rangwame, an ware fyaɗe da lalata da yara daga cikinta. Shari'ar ma ba ta iyali ba ce da za su janye ta, domin sunanta Jamhuriya da wane, yarinyar da iyayenta shaidu ne kawai. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne iyali su daina zuwa kotu har shari'ar ta mutu don rashin shaida, kuma na ga ƙarshen irin wannan rufin asiri: kuɗin yakan tsaya kafin a yaye jaririn, saurayin ya yi aurensa a wani gida, yarinyar kuma ta bar makaranta, sannan unguwa duka ta san labarin da aka ce an rufe.

Ga abin da za ki yi. Ki je sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a gida, wanda aka sani da DOVVSU. An kafa shi a 1998 a matsayin sashen mata da yara, aka sauya masa suna a 2005, kuma yana da ofisoshi a Kumasi. Ba sai mahaifi ne zai kai rahoto ba. Sashe na 17 na Dokar Yara ya ɗora wa duk wanda ya san ana cutar da yaro alhakin sanar da Sashen Jin Daɗin Jama'a, saboda haka ke ma kina da ƙafar tsayawa. Za a ba ku fom ɗin asibiti, likita ya duba ta ya cike, a mayar wa 'yan sanda. Ki tafi da shirin cewa a wasu wurare ana neman kuɗi kafin a cike fom ɗin, kuma wannan kuɗin ya kashe shari'u masu yawa a hannun talakawa. Idan ya gagare ku, ku sanar da jami'in binciken da ma'aikacin jin daɗin jama'a, kada ku ajiye fom ɗin a gida. Irin wannan shari'a galibi a kotun sakit, wadda ke tsakanin kotun gunduma da babbar kotu, ake yin ta, kuma alƙali na iya sauraron yarinyar a keɓe ba a gaban jama'a ba.

Abu biyu nake so ki faɗa wa yayanki cikin ladabi, domin su ne suka fi damun iyaye. Na farko, ɗawainiyar jaririn ba ta rataya a kan yin shiru ba: Dokar Yara ta wajabta wa uba ciyar da ɗansa, kuma kotun iyali na iya tilasta hakan ko an yi shari'ar laifi ko ba a yi ba. Na biyu, tun 2018 Hukumar Ilimi ta Ghana tana da ƙa'idar da ta ba yarinya mai ciki damar ci gaba da karatu da komawa aji bayan haihuwa. Idan kuma kuka ga saurayin ya dawo unguwa bayan kwanaki, kada ku ce an sayar da shari'a. Tsarin mulki na 1992 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 48, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2016 a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, babu laifin da aka haramta wa kotu ba da beli a kansa. Beli ba wankewa ba ne, shari'a na nan.

Tambaya: Baba Lauya, shekaruna 19, ina koyon ɗinki. Mai shagon yakan tsare ni idan sauran sun tashi, ya riƙa taɓa ƙirjina da sunan gwada awo, na ce ya daina amma dariya yake yi. Bai taɓa wuce haka ba. Ƙawata ta ce tunda bai kwana da ni ba, ko na je wurin 'yan sanda dariya za su yi mini. Saura wata takwas a yaye ni, kuma iyayena sun riga sun biya kuɗin koyon.
*Wata 'yar koyo, Sabon Zango*

Amsa: 'Yata, ƙawarki ta yi kuskure. Sashe na 103 an yi shi ne musamman don abin da bai kai saduwa ba: duk wanda ya taɓa jikin wani taɓawa ta sha'awa da ƙarfi ba da yardarsa ba, ko ya keta mutuncin jikinsa ta wata hanya, ya aikata laifi, kuma hukuncinsa ɗauri ne da bai gaza wata 6 ba. Kin ce ya daina, ya ci gaba, to rashin yardarki ya tabbata. Ko da ma kin yi shiru don tsoron kada ya kore ki, sashe na 14 ya soke duk yardar da aka samu ta hanyar tursasawa ko yaudara, kuma awon ƙarya yaudara ce.

Matsalar irin wannan shari'a ita ce shaida, tunda yana jira sai kowa ya tashi. Saboda haka ki fara yau: ki faɗa wa mahaifiyarki ko wata babba da kika amince da ita, domin kotu na ba da muhimmanci ga cewa kin yi ƙorafi tun da wuri, ki rubuta ranakun da abin ya faru, kada ki goge wani saƙo da ya turo miki a waya, ki kuma daina zama a shagon bayan sauran sun tashi, ko me zai ce. Ki yi wa sauran 'yan koyon tambaya a hankali, domin mai irin wannan hali da wuya ya tsaya a kan mutum ɗaya. Batun wata takwas ɗin, iyayenki na iya neman ƙungiyar teloli ta mayar da ke hannun wani mai shago ki ƙarasa, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a na duba irin wannan ga marasa hali.

Zan ƙara wani abu, ba don na tsorata ki ba, sai don masu karatu da yawa na buƙatarsa. Idan abu ya kai ga saduwa da mace 'yar shekara 16 ko sama ba da yardarta ba, wannan shi ne fyaɗe a sashe na 97 da na 98, hukuncinsa shekara 5 zuwa 25, kuma sashe na 99 ya ce shiga komai ƙanƙantarta ta cika laifin. Wadda abin ya faru da ita ta daure kada ta yi wanka ko ta wanke tufafin kafin likita ya duba ta, ta kuma isa asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau ke aiki, kuma maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa ya fi tasiri. Wadda ta riga ta yi wanka, ko kwanaki suka wuce, ita ma ta je. Jinkiri na raunana shaida amma ba ya soke laifin.

Tambaya: Malam, ni malamin makarantar Islamiyya ne. Wani ɗalibina namiji ɗan shekara 11 ya faɗa mini abin da wani babba a gidansu yake yi masa da dare. Na ji ana cewa dokar fyaɗe ta mata ce kawai. Me ya kamata in yi?
*Wani malami, Tafo Zango*

Amsa: Allah ya saka da alheri, Malam, da ka saurare shi. Gaskiya ne sashe na 98 mace ya ambata, amma sashe na 101 ya ce yaro ko yarinya, kuma ya haɗa da saduwa ta kowace hanya, don haka hukuncin shekara 7 zuwa 25 ɗin nan yana kan wanda ya yi wa ɗalibinka haka. Ga namijin da ya kai 16 aka yi masa ba da yardarsa ba, sashe na 104 ya tanadi shekara 5 zuwa 25.

Kada ka tara mutanen gidan don a yi ƙeƙe-da-ƙeƙe, kuma kada ka tunkari mutumin, domin yaron a gidan zai kwana. Kada ka yi ta maimaita masa tambayoyi ko ka sa masa kalmomi a baki, saboda lauyan wanda ake tuhuma zai yi amfani da hakan ya ce an koya masa. Ka rubuta abin da ya faɗa da irin kalmominsa, da ranar da ya faɗa, ka kai rahoto DOVVSU ko ofishin jin daɗin jama'a na gundumarku a yau. Idan ka tabbata mahaifiyarsa ko mahaifinsa ba za su kare mutumin ba, ka tafi da ɗayansu. Ka kuma shaida wa jami'an tun farko cewa wanda ake zargi a gida ɗaya suke da yaron, domin su duba inda zai kwana kafin a kira kowa.